Masu Faɗuwar Gaba Tsakanin Carbi Da Ƙaho Da Ƙwayar Kemis

Akwai wata cuta da ta addabi mutane da yawa a zangunan Hausawa na Kurmi, tun daga Agege da Idi-Araba da kasuwar Mile 12 a Ikko, har zuwa unguwar Sabo ta Badun da ta Shagamu, amma ba safai a kan ji mai ita ya ambace ta a gaban jama'a ba. Ba ta da kumburi, ba ta da zazzaɓi, ba ta kuma kwantar da mutum a tabarma. Mai ita ya kan tashi da asuba ya yi salla, ya fita nema kamar kowa, ya yi ciniki, ya yi raha da abokai, alhali kuwa cikinsa ya ɗuri ruwa tun kafin gari ya waye, bai kuma san abin da ya ke tsoro ba. Waɗansu su kan ce da ita faɗuwar gaba, waɗansu firgita, waɗansu kuwa tsinkewar zuciya. Likitocin zamani sun sa ta cikin cututtukan damuwa.

In za ta tashi ba ta sallama. Mutum yana zaune a rumfarsa, ko yana cikin motar haya bisa gada, sai ya ji zuciyarsa ta hau dukan uku-uku, numfashi ya ƙi isa, gumi ya keto masa, yatsunsa su yi kamar kiyashi na yawo a ciki, jiri ya ɗebe shi, har ya sakankance cewa ajali ne ya zo. Bayan minti goma ko ashirin abin ya lafa, ya bar shi a galabaice. Jibi, ko bayan wata guda, ya sake dawowa. Abin da ya fi cin rai ma shi ne zaman jiran dawowarsa, domin daga nan ne mutum ke fara gudun mota, da gudun kasuwa, da gudun sahun gaba a masallacin Juma'a don kada abin ya same shi inda ba shi da hanyar fita. A wurin waɗansu kuwa ba ta zuwa da irin wannan ƙarfi, sai dai ta zauna musu dare da rana, tunani bisa tunani, wuya ya sage, kafaɗu su yi nauyi, barci ya ƙaurace.

Kada mai karatu ya zaci abin na mutum ɗaya ne ko biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da irin waɗannan cututtuka a duniya, mata sun fi maza yawa, kuma kimanin ɗaya cikin huɗu ne kaɗai ke samun magani. A nan Nijeriya, binciken da Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Badun da abokan aikinsa suka buga cikin 2006, bayan sun yi hira da mutum kusan dubu biyar a jihohin Yarabawa, ya nuna cewa cikin dukkan cututtukan da suka shafi hankali da zuciya, na tsoro da damuwa su ne suka fi yawa. Ba wani dalili da zai sa a ce Bahaushen da ya baro iyalinsa a Bici ko Illela, ya ke kwana a rumfa, ya ke kasa kunne kullum don jin ko 'yan bindiga sun shiga ƙauyensu, ya fi Bayarabe tsira daga wannan.

To, ina mai faɗuwar gaba ke zuwa? Kowa ya san amsa. Da fari wurin malam, a yi masa rubutu da tofi, a ba shi laƙani. In abin bai bari ba, sai wanzami ya kafa masa ƙaho a ƙeya da gadon baya, ko a sami mai tausa ya murza masa man zaitun ko man kaɗanya. In mace ce, tsofaffi su ce iska ce, a nemi turare, a wani gidan ma a aika wa 'yan bori a ɓoye. Daga ƙarshe, in an gaji, sai kemis. Asibiti shi ne zangon da ba a kai wa, domin sunan Yaba, ko Aro, ko Dawanau, ko Kware, ya isa ya hana 'yar mutum aure.

'Yan boko da yawa su kan dubi wannan zagaye su taɓe baki, su ce jahilci ne tsagwaronsa. Wannan hukunci ya yi gaggawa. Cikin abubuwan da jama'a ke yi akwai masu amfani na haƙiƙa, waɗanda ilmin likita da kansa ya tabbatar, akwai waɗanda ba su ƙara ba su rage, akwai kuma masu kashe mutum. Aikin mai hankali shi ne ya rarrabe, kada ya haɗa tsaki da tsakuwa ya zubar.

A fara da jiki, domin a can abin ke faruwa. Sa'ad da mutum ya ga maciji, ko ya ji ƙarar bindiga, waɗansu 'yan halittu da ke bisa ƙodarsa su kan zuba wani ruwa cikin jini, wanda a ke kira adiranalin. Shi ne ke sa zuciya gudu, ya ɗaure tsoka, ya hanzarta numfashi, don mutum ya iya tserewa ko ya yi faɗa. Wannan rahama ce. Matsalar mai faɗuwar gaba ita ce ƙararrawar tasa tana kaɗawa ba maciji ba bindiga. Da ya ji zuciya ta buga sai ya tsorata da bugun, tsoron ya ƙara ruwan, ruwan ya ƙara bugun. Sa'an nan ya shiga haki, yana jan numfashi sama-sama da sauri, har ya fitar da iskar kabon daga jininsa fiye da kima, wannan kuwa shi ne ke kawo jirin nan da kiyashin yatsu da a ke cewa alamar shafar aljani ce. Duk abin da zai sa mutum ya sassauta numfashinsa, ya saki tsokarsa, ya ɗauke hankalinsa daga sauraron ƙirjinsa, lalle zai rage wutar.

A nan ne wuridi ya shigo. Cikin 2001 wani likita ɗan Italiya, Luciano Bernardi, da abokan aikinsa suka buga sakamakon wani gwaji a mujallar likitocin Ingila. Sun sa mutane suna jan carbin addu'a irin na Kiristocin Katolika, da kuma wuridin 'yan Yoga, suna auna su da na'ura. Suka tarar duka biyun suna mai da numfashi kamar sau shida a minti guda, wanda bai kai rabin yadda mutum ke yi a zaune ba, kuma a wannan ma'auni bugun zuciya da hawa da saukar jini su kan daidaita da juna. Ba su gwada da Musulmi ba, amma duk wanda ya taɓa zama kusa da da'irar wazifa bayan magariba, ko ya ji yadda 'yan Ƙadiriyya ke jan hailala bisa kiɗan bandiri, ya san numfashin masu yi ya kan bi amon kalmomin, a ja a hankali, a sake a hankali. Batijjane mai lazimi yana da istigfari ɗari, salati ɗari, hailala ɗari, safe da yamma, ranar farin ciki da ranar baƙin ciki. Wanda ba ya ɗariƙa ma yana da tasbihin bayan salla da azkar na safiya da maraice. Mumini zai ce natsuwar daga Allah ta ke, likita zai ce ga jijiyar da ta bi ta iso. Ba lalle ne maganganun biyu su yi karo ba, kamar yadda ba wanda ya ce sanin yadda gero ke tsiro ya hana a gode wa Mai bayar da damina.

Wannan ba sabon ilmi ba ne ga Musulmi, sai dai an manta da shi. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu cikin shekara ta 934, ya rubuta littafi kan gyaran jiki da gyaran rai, ya ware babi don tsoro da firgita, wani don baƙin ciki, wani don wasuwasi, ya kuma ɗauke su cututtuka ne masu magani kamar ciwon ciki. Shawararsa ita ce mutum ya tanadi kyawawan tunani tun yana cikin natsuwa, yadda a ke ajiye magani a gida don ranar larura. A ƙasar Hausa kuwa, Nana Asma'u 'yar Shehu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu cikin 1864, ta tattara wa mata surori da addu'o'in neman waraka, ta kuma aika da jajis ƙauye-ƙauye suna koyar da 'yan taru, domin ta gane ba a raba mace da bori da wa'azi kawai, sai an ba ta wani abin da za ta riƙe sa'ad da zuciyarta ta tsinke.

Tausa ma haka. Mai damuwa jikinsa a ɗaure ya ke ko da yana barci, har haƙora ya kan ciza. Tun cikin shekarun 1920 wani likitan Amurka, Edmund Jacobson, ya ƙago hanyar da mutum zai riƙa ɗaure tsokar jikinsa gaɓa-gaɓa yana saki, tun daga yatsun ƙafa har goshi, don jiki ya koyi bambancin ɗauri da sakewa, har yau kuma a na koyar da ita a asibitoci. Abin da tsohuwa mai tausa ke yi da tafin hannunta ɗan'uwan wannan ne, ga kuma ƙarin da na'ura ba ta iya bayarwa, watau wani ɗan Adam ya zauna da mutum rabin sa'a yana tambayarsa ina ke ciwo. Tafiyar ƙasa mai ɗan sauri, da noma, da duk wani aikin da zai sa gumi na halal, an tabbatar su kan rage damuwa. Salla kanta, in an yi ta da natsuwa ba irin caccakar kaza ba, akwai miƙewa da sunkuyawa da tsayawar numfashi a cikinta sau biyar a yini.

Ƙaho kuwa sai a yi hattara. Ba wani mugun jini da ke taruwa a ƙeya ya haddasa faɗuwar gaba, kuma baƙin jinin da wanzami ke nunawa a kasko jini ne kawai da ya daskare. Sauƙin da mutum ke ji na kwana biyu gaskiya ne, amma daga zaman ne da kulawar da sa rai. In za a yi, a yi da sabuwar reza, domin ciwon hanta ya yi yawa a ƙasar nan, aska guda kuwa ta isa ta raba shi ga mutum goma.

Wani abin da ba a so a ji, musamman a shafin da fataken goro ke karantawa, shi ne goro da kansa yana cikin masu laifi. Akwai sinadarin kafeyin a cikinsa, irin wanda ke cikin kofi da shayi da lemunan gwangwanin nan na ƙarin kuzari da 'yan acaba da direbobi ke sha kamar ruwa. Mutumin da zai ci goro biyar, ya kora da shayi mai kauri sau uku, ya kwana yana sauraron labarin kashe-kashe a waya, sa'an nan ya ce maƙiya sun yi masa sammu don zuciyarsa na bugawa, ya kamata ya fara binciken maƙiyin daga aljihunsa.

Sai maganar bori, wadda a ke yi da murya ƙasa-ƙasa. Masanin nan Abner Cohen, wanda ya zauna a Sabo ta Badun cikin 1962 da 1963 ya kuma buga littafinsa cikin 1969, ya ba da labarin yadda mazan unguwar suka shiga Tijjaniyya kusan ɗungum a farkon shekarun 1950, alhali bori ya fi ƙarfi a tsakanin mata. Wannan rabo ba banza ba ne. Namiji yana da zawiya, da da'ira, da muƙaddami da zai kai wa kuka. Matar da aka kawo daga Arewa aka ajiye a ɗaki guda cikin garin da ba ta jin harshensa, ba uwa ba ƙanwa, ina za ta kai nata? Girka ta kan ba ta kwanaki a na kula da ita ita kaɗai, ga kiɗan garaya ko goge, ga rawa da jifa har jiki ya saki, ga kuma suna da za ta laƙaba wa abin da ke damunta, ko Ɗan Galadima ne, ko Sarkin Rafi, ko Inna. Daga ranar kuma ta sami 'yan'uwa. Malamai sun yi hukuncinsu a kan bori tun zamanin jihadi, ba kuma wurin sake shi ba ne nan. Abin lura kawai shi ne, wanda ya rufe wannan ƙofa bai buɗe wata ba, bai kori cutar ba, ya dai kore ta zuwa ƙarƙashin gado. Yawancin masu ruƙiyyar da suka cika gari tun daga shekarun 1990 abokan cinikin 'yan bori suka gada, har da bayanin cutar, sai dai sun canja kayan aiki.

To, a nan ne kuma yabo zai tsaya, domin ɓarnar da ke cikin wannan fage ba ƙarama ba ce.

Ta farko ita ce bayanin da a ke ba mai ciwon. Mutumin da tsoro ke ci, in aka ce masa aljana ce ta aure shi, ko kishiyar uwarsa ce ta binne masa layu a bakin ƙofa, an ba shi sabon abin tsoro wanda ya fi na da, an kuma raba shi da danginsa. Gidaje nawa suka watse a kan irin wannan magana? Sa'an nan aljani ba ya ƙarewa. An fitar da shi yau da baƙin bunsuru, bayan wata biyu faɗuwar gaba ta dawo, domin haka ɗabi'arta ta ke, sai a ce ai ƙanensa ne ya zo ɗaukar fansa, a kawo rago. Malamin kirki, irin wanda zai yi tofi ya karɓi sadakar da aka ba shi ya ce a je a yi haƙuri, yana nan har gobe. Amma kasuwar ta cika da masu lasifika da masu talla a rediyo da Facebook, waɗanda jarinsu shi ne tsoron bayin Allah.

Ko laya da laƙani ma akwai inda su ke zama tarko. Likitocin wannan fanni sun lura cewa abin da ke raya cutar shi ne gudu. Wanda ya daina shiga mota don tsoro, tsoronsa ƙaruwa ya ke yi. Wanda kuma ba ya iya fita sai da wani ƙulli a aljihu, ranar da ya manta shi a wata riga sai abin ya tashi, domin zuciyarsa ba ta taɓa koyon cewa guguwar kan wuce da kanta ba. Haka mai wasuwasin da zai sake alwala sau bakwai, in aka ƙara masa wuridi dubu don ya kori Shaiɗan, wani lokaci wuridin ne zai koma sabon wasuwasi, ya riƙa sake ƙirga don yana shakkar ya tsallake ɗaya. Shehunan ɗariƙa na da sun san wannan, shi ya sa suka hana shiga halwa ko ɗaukar manyan asirai ba da izini ba, kowa kuma ya san labarin wani a garinsu da aka ce wuridi ya zautar. Ba abin mamaki a ciki. Yunwa da rashin barci da kaɗaici na kwana arba'in sun isa su birkita mai lafiya, balle wanda da ma a kan gaɓa ya ke.

Ta biyu ita ce mugunta da sunan magani, turaren barkono, da bulala, da mari a ƙafa. Cikin watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fito da mutum fiye da ɗari uku daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, waɗansu da sarƙa a ƙafa, kafin wata guda kuma aka sake samun irinsa a Daura da waɗansu garuruwa. Iyaye ne da kansu suka kai da yawa daga cikinsu, da kuɗinsu, don ba su san wani wurin ba. Irin wannan ba a Arewa kaɗai ya ke ba, akwai shi a gidajen addu'a da na bokayen Kurmi.

Ta uku, wadda ta fi kowace gaggawa, ita ce ba duk bugun zuciya ne faɗuwar gaba ba. Ƙarancin jini ya kan kawo shi. Halittar nan ta maƙogwaro da kan kumbura ta zama maƙoƙo, in ta yi aiki fiye da kima, ta kan kawo bugun zuciya da gumi da rawar hannu da rama. Ciwon sukari da hawan jini da asma duk su kan yi shigar burtu da kayanta. Tun cikin shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka sanar da duniya yawan matan da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa a ƙasar Hausa, har yau kuma Arewacin Nijeriya na cikin wuraren da wannan ciwo ya fi yawa a duniya. Mai jegon da ke haki in ta kwanta, ƙafafunta sun kumbura, tana tari da dare, in aka tsaya yi mata turaren iska mako biyu, ana iya rasa ta, alhali akwai maganin da zai cece ta.

Kada likitoci su ji daɗi, domin su ma da nasu kashin a gindi. Mai faɗuwar gaba in ya daure ya je asibiti, ya yini a layi, sau da yawa minti uku zai samu. A auna jininsa, a ce ba abin da ke damunsa, a rubuta masa maganin zazzaɓin cizon sauro da na taifot, ya tafi. Mutumin da ya ji mutuwa ta shaƙe shi jiya, a ce masa lafiyarsa lau, ai dole ya koma wurin wanda zai yarda cewa wani abu na damunsa. In kuma Hausa kaɗai ya ke ji, nas ɗin kuwa Yarabanci da Turanci, to, an gama. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200 ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, kullum kuma jirgi na kwashe su zuwa Ingila da Kanada da Saudiyya.

Giɓin nan kemis ne ya cike shi. Valium da 'yan'uwansa su kan kwantar da firgita cikin rabin sa'a, shi ya sa a ke son su, amma bayan 'yan makonni jiki ya kan saba, guda ta koma biyu, ranar da aka rasa kuwa faɗuwar gaban da za ta zo ta fi ta farko. Da yawa daga matan aure da samarin da suka faɗa shan kodin da Tramadol ba don nishaɗi suka fara ba, barci su ke nema da sauƙin ƙirji. Gwamnatin Tarayya ta hana shigowa da yin maganin tari mai kodin ran 1 ga watan Mayu, 2018, kuma ta kyauta. Amma hana kwalba bai warkar da abin da ya sa aka ɗauki kwalbar ba. Alhali kuwa akwai magani na gaskiya. Akwai zaman tattaunawa da ƙwararre, inda a ke koya wa mutum yadda cutar ke aiki, a kuma riƙa mai da shi wuraren da ya ke gudu sannu-sannu har tsoron ya gaji. Akwai kuma ƙwayoyin da ba su da irin jarabar Valium, waɗanda sai an yi makonni a na sha kafin a ga aikinsu, likita ne kuma ke ɗora mutum a kai ya sauke shi.

Abin takaici shi ne ƙasar nan ce ta fara nuna wa duniya yadda za a haɗa hanyoyin biyu. Cikin 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo, mutumin Abekuta, ya dawo daga Ingila ya kama aiki a asibitin Aro. Maimakon ya kulle marasa lafiya, sai ya shirya da ƙauyukan da ke kewaye a riƙa saukar da su a gidajen mutane, kowa da ɗan'uwansa mai jinya, da rana su zo asibiti, da yamma su koma cikin jama'a. Ya kuma jawo masu maganin gargajiya ya yi aiki da su, abin da ya sa waɗansu abokan aikinsa suka ɗaga gira. Daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya, ya rasu cikin 2004. Cikin 2020 Farfesa Gureje da jama'arsa suka sake gwada irin wannan a Badun da Kumasi ta Gana, inda ma'aikatan ƙananan asibitoci ke ziyartar masu taɓin hankali a wurin masu maganin gargajiya da na addu'a, suka kuma tarar waɗanda aka yi wa haɗin gwiwar sun fi samun sauƙi. In an iya wannan da cuta mai nauyi, me zai hana a iya da faɗuwar gaba?

A takarda dai ba a bar komai ba. Tun 1991 aka sa lafiyar hankali cikin ayyukan ƙananan asibitocin sha-ka-tafi. Cikin watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar hankali, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, wadda ita ma gadon dokar Turawa ce ta 1916. Sabuwar dokar ta tanadi sashe na musamman a Ma'aikatar Lafiya da asusun kuɗi domin wannan aiki. Amma mai faɗuwar gaba a Agege ba doka zai haɗiya ba. Abin da zai amfane shi shi ne ya tarar da ma'aikaci guda mai jin Hausa a asibitin unguwa, wanda ya san cutar da sunanta, ba zai kuma yi masa dariya don ya ga laya a damtsensa ba.

Sarakunan Hausawa na zanguna da limamai da muƙaddamai ba sai sun jira Abuja ba. Su ne ke da jama'a, su ne kuma a ke fara kai wa kuka. Ba abin da zai hana Sarkin Hausawan kowane zango ya gayyaci likita ko nas daga asibiti mafi kusa, a tara malamai masu ba da taimako da wanzamai da ungozomomi yini guda, a nuna musu alamun da in sun gani ba nasu ba ne. Malamin da mutum ya zo masa da bugun zuciya, ya yi masa addu'a, ya ba shi wuridin da zai iya ɗauka, ya koya masa jan numfashi a hankali, ya ce ya rage goro, duk ya kyauta. Amma ya tambaye shi ko an taɓa auna jininsa, ko yana ramewa, ko yana shan wani abu don ya yi barci, ko kuma ya taɓa jin gara ya mutu ya huta. Wanda ya amsa ta ƙarshen nan da i, ba a barinsa shi kaɗai a daren, ba a kuma ce masa ya dawo bayan kwana bakwai. Mai jegon da ke haki kuwa a sa ta a mota a ranar, in ya so rubutun ya biyo ta asibiti a cikin kwalba.